Shenzhen da masu kafa hujjar rusau da ita

Akwai hotuna biyu da ake yawo da su a shafukan sada zumunta duk lokacin da wata gwamnati ta fito da katafila. Na farko kwale-kwale da ƴan bukkoki a bakin ruwa, an rubuta 1980 a ƙasansa. Na biyu dogayen benaye masu ƙyalli, an ce birnin Shenzhen na ƙasar Sin ke nan a yau. Sai a biyo da fatawa: haka ake gina birni, a share fili, a zana taswira, a ture duk wanda ya tsaya a hanya. Wannan magana ta ishe ni, domin tarihin da suke kafa hujja da shi, shi ne yake ƙaryata su.

Labarin ƙauyen masunta tun daga tushe an rage masa mudu. A 1979, lokacin da gwamnatin Sin ta mayar da gundumar Bao'an birnin Shenzhen, mutum wajen 300,000 ne ke zaune a can, manoma da masunta da ƴan kasuwa, kowa da ƙauyensa da gonarsa. Layin dogon da ya tashi daga Kowloon ta Hong Kong zuwa birnin Guangzhou ya ratsa wurin tun 1911. Ga Hong Kong a tsallaken kogi, da kuɗinta da masu masana'antunta da ke neman ma'aikata masu arha. Babban abin da gwamnatin Deng Xiaoping, jagoran Sin na wancan lokaci, ta yi a Agustan 1980 shi ne sassauta doka: ta ware yankin tattalin arziki na musamman, ta rage haraji, ta bar jarin waje ya shigo.

An zana taswira, ban musa ba. Sai dai babban tsarin birnin na 1986 ya yi hasashen mutum miliyan 1.1 a yankin na musamman zuwa shekarar 2000. Da shekarar ta zo, yankin ya haura ninki biyu na haka, birnin gaba ɗaya kuwa ƙidaya ta nuna kusan miliyan 7. Ƙidayar 2020 ta haura miliyan 17.5. To, waɗannan miliyoyin da ba a yi lissafi da su ba, ina suka kwana?

Tambayar da masu hotuna ba sa son ji ke nan. Yawancin baƙin sun fito ne daga karkara ba su da takardar zama ɗan birni, wadda ake kira hukou, don haka gidajen gwamnati ba nasu ba ne. Da hukuma ta karɓe gonaki don gina masana'antu da tituna, ta bar wa mutanen ƙauyukan filayen gidajensu. Su kuma suka shiga ɗora hawa kan hawa, shida, bakwai, har fiye, akasari ba tare da izini ba, suna ba da haya ɗaki ɗaki. Gine-ginen sun matsu har mutanen birnin suna kiransu benayen musabaha, don maƙwabci zai iya miƙo maka hannu ta taga. A nan leburan gini ya kwana, da yarinyar da ke haɗa kayan lantarki a masana'anta, da mai gyaran waya a kasuwar Huaqiangbei, da matashin da ya gama jami'a yana neman aiki a kamfanin Huawei ko Tencent. An daɗe ana ƙiyasta cewa fiye da rabin mazauna Shenzhen a irin waɗannan unguwanni suke. Gwamnati ba ta gina musu ko ɗaki ɗaya ba, abin da ta yi kawai ta kau da kai, kuma arzikin birnin a kan wannan kau da kan ya tsaya.

Shi ya sa abin da aka yi wa Baishizhou yake ci mini rai. Unguwa ce irin waɗannan a tsakiyar gundumar Nanshan ta Shenzhen, kusa da manyan kamfanonin fasaha, wadda kafin 2019 take ɗauke da mutum wajen 150,000. A 2019 aka fara raba wa ƴan haya takardun tashi don a gina benayen alfarma da kantuna. Masu filaye sun samu diyya mai tsoka. Ƴan haya, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, sun kwashi kayansu sun nufi bayan gari, tafiyar aiki ta ƙaru, wasu iyaye suka rasa yadda za su yi da makarantar ƴaƴansu. Waɗanda suka ɗora birnin a kafaɗarsu, su aka fara kora da ya yi kyau.

Za a ce ai unguwannin akwai duhu, da haɗarin gobara, da magudanan ruwa marasa kyau. Akwai, kuma duk aikin bututu ne da waya da buɗe lungu, babu wanda ya wajabta katafila. Ita kanta hukumar Shenzhen a 2019 ɗin ta fitar da tsarin da ya ware kaso mai yawa na waɗannan unguwanni don a gyara su a inda suke, bayan ta ga tsadar haya na korar ma'aikatan da take taƙama da su. Mai ɗaki ya gane, masu yi masa shela daga nesa ne har yanzu suke kan bakansu.

Kuma ni ban yarda rashin sani ne kaɗai ba. Filin da talaka ke zaune a kansa a tsakiyar birni mai tasowa ya fi kowane fili daraja, kuma masu ihun tsara birni sun san wa zai samu takardarsa bayan ƙura ta lafa. Duk hukumar da ke son koyi da Shenzhen ta fara ƙirga ɗakunan haya masu arha da ke kusa da wuraren aiki a birninta, ta ba masu su takarda, ta kai musu ruwa da magudana. Wanda zai rushe kuwa, ya fara faɗa mana adadin ƴan hayan da ke ciki, da unguwar da za su koma, da kuɗin motar da za su riƙa biya kullum zuwa aiki.