Hoton "mashayi" da ya bi Brian Sinclair har asibiti

A watan Satumban 2008, Brian Sinclair ya shiga sashen gaggawa na wani babban asibiti a Winnipeg, ƙasar Kanada, a kan keken guragu. Ciwon mafitsara ne ya kai shi, irin wanda canjin robar fitsari da 'yan ƙwayoyi za su iya magancewa. Awa 34 ya yi a ɗakin jira ba a duba shi ba. Ko da aka waiwaye shi, rai ya yi halinsa. Da aka zo bincike, wasu ma'aikatan suka ce sun zaci maye ne ya kwantar da shi.

Daga ina wannan zato ya fito? Sinclair jinin 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka tarar a can. Shekara da shekaru, in jarida ko talabijin ta leƙa unguwanninsu, abin da take haskowa bai cika wuce kwalbar giya da ciwon sukari da matasa masu kashe kansu ba. Ban ce babu su ba. Amma a nuna maka gyambo kullum, ba a faɗa maka wa ya yi saran ba, ai sai ka ɗauka halittar mutum ce. Ma'aikaciyar jinya ita ma tana kallon labarai, kuma da wannan hoton take zuwa aiki.

A duba Grassy Narrows, wani ƙauyen 'yan asalin ƙasar a lardin Ontario. Daga 1962 zuwa 1970 wata masana'antar takarda a Dryden ta tuttula kusan tan 9 na zaiba a kogin Wabigoon, inda mutanen ke kamun kifin da suke ci. Gubar zaiba kuwa tangaɗi take sa mutum, harshe ya sarƙe, hannu ya riƙa rawa. Wanda bai san labarin kogin ba, me zai ce ya gani?

Mu ma mun ɗanɗana. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, da yawa a waje jahilci suka kira abin, suka tsallake gwajin Trovan na 1996, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau.

A 2020 Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw ta 'yan asalin Kanada, mai 'ya'ya bakwai, ta kunna Facebook daga gadon asibiti a Joliette. Ana jin ma'aikata suna zaginta tana kukan ciwo, sun ɗauka ƙwaya ce take nema. Ashe ruwa ne ya cika mata huhu, har ta rasu. Da ba ta riƙe wayar da hannunta ba, wa zai ba da labarin, kuma yaya zai faɗe shi?