"Amin" a WhatsApp ba ta biya bashin addu'a ba

'Yan'uwana Katolika na Damagaram, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Da an sa hoton mara lafiya a guruf ɗinmu, kafin ka ƙifta ido "Amin" ta cika fuskar salula, ga hannuwa a haɗe jere-jere. Madalla. Amma tsakani da Allah, mu nawa ne ke ajiye wayar mu ambaci sunan mutumin nan gaban Ubangiji? Duk wanda ya ce "zan sa ka cikin addu'a" ya ci bashi ne, kuma ana binsa.

Ba wayar nake kushewa ba. Manhajar waya ta AELF tana kawo maka karatun Mas na kowace rana da addu'o'in safe da maraice, ga mai jin Faransanci. Manhajar Click To Pray, wadda Paparoma Francis ya nuna wa jama'a a Janairun 2019, tana gaya maka abin da Paparoma ya roƙa a yi wa addu'a cikin wata. Ko ƙararrawar wayar ma ta isa: saita ta ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma don addu'ar Mala'ikan Ubangiji. Maƙwabcinka Musulmi yana jin kiran salla ya bar ciniki ya tashi, ba ya cewa sai ya gama.

Sai dai kuran kan ɗauke, caji kan ƙare, wahala kuwa ba ta sallama. Manyanmu ba su manta Juma'ar 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka ƙone majami'u a garin nan har Kirista suka fake a barikin soja. A irin wannan rana, addu'ar da ka haddace ita ce taka. Fada Pier Luigi Maccalli, da aka sace a ƙauyen Bomoanga a nan Nijar cikin Satumban 2018, ya yi sama da shekara biyu a hannun 'yan bindiga kafin a sake shi a Mali cikin Oktoban 2020. Babu waya, babu littafi, babu Mas. Da hannunsa ya ƙulla Rosari, yana ja kullum cikin hamada. Shin yaranmu za su iya kai "A gaishe ki Maryamu" ƙarshe ba tare da sun leƙa waya ba?

Duba Markus sura 2. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, ƙofa ta cika, suka hau soro suka fasa rufi suka zura shi gaban Yesu. Nassi ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, wato ta masu ɗaukar. Akwai lokacin da ciwo kan ci ƙarfin mutum har bakinsa ya kasa addu'a. Sai mu ɗauke shi. In ka je dubiya, kada ka tsare shi da wa'azin dalilin ciwonsa. Abokan Ayuba sun fi kyautawa a kwana bakwai da suka yi shiru a gefensa. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Daren nan, koma cikin guruf ka nemo sunayen da ka rubuta wa "Amin" a makon nan. Kashe intanet, ka ba kowane suna ƙwaya goma na Rosari. Wanda ke kwance nan cikin gari kuwa, ko Birni ne ko Zango, gobe ka taka ka je da ɗan kunu, ka kuma tambaya ko yana son a kira masa Fada ya kawo Jibi Mai Tsarki.