'Yan maƙale 40 a kwamfuta ɗaya, babu wanda ya san algaita

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, nan wajen Ƙofar Ƙaura, sai ga ƙanena da ke koya wa 'yan makaranta badujala ya tsai da babur, ya sauko da kwamfuta a hammata kamar mai ɗauke da kalangu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, manhajar nan ta haukace. Da na taɓa wani abu sai ta rufe kanta, aikina ya tafi."

Na karɓa na buɗe. MuseScore ce, wadda yawancinmu masu rubuta kiɗa a takarda muke amfani da ita saboda kyauta ce. Na shiga wajen 'yan maƙale na ƙirga, sun haura 40. Na ce da wanne kake aiki a cikinsu? Ya sosa ƙeya ya ce biyu. Sauran fa? Wai wani ne ya turo su dunƙule guda a zauren WhatsApp, ya ce duk suna da amfani. Shi kuwa ya juye su gaba ɗaya, ya bi yana dannawa ɗaya bayan ɗaya don ya ga abin da kowanne zai yi, kuma a kan takardar da ya kwana uku yana rubutawa.

Ga wanda bai sani ba, ɗan maƙale wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake jona wa babba don ta yi wani aiki da ba ta zo da shi ba. Yaran situdiyo fulogin suke cewa. Ni duk na ji kalmar sai in tuna fulogin babur, shi ya sa na laƙaba masa nawa sunan. Kuma a lura, wanda yaran situdiyo ke nufi galibi na sauti ne, irin VST ɗin da kamfanin Steinberg ya fito da shi a 1996, mai ba ka muryar fiyano ko ganga. Wanda nake magana a kai aikinsa a kan takardar yake: ya bi nota ɗaya bayan ɗaya ya rubuta sunanta a sama, ko ya shafa mata launi saboda yara, ko ya gyara tsayin sautinta.

Ra'ayina a kan wannan abu bai canza ba tun da na fara: in ba ka iya faɗin aikin da ɗan maƙale zai rage maka a jimla ɗaya ba, kada ka saka shi. Rabin abin da mutane ke nema ma yana cikin manhajar tun asali. Lokacin da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, malaman badujala sun yi ta kai-kawo, kowa na neman takarda ga yaransa. Mutum nawa suka tambaye ni ɗan maƙalen da zai juya wa mai busa tarompet da mai sakso nasu layin, tunda ba a mataki ɗaya ake rubuta musu ba? Babu buƙatarsa. Ka zaɓi kayan busar daidai tun farko, manhajar da kanta za ta juya. Amma mutum ya fi son ya ƙona data yana saukewa da ya zauna minti 20 ya karanta abin da ke gabansa.

Saka shi kuwa ba wani abu ba ne, sai dai akwai 'yan ramuka da kowa sai ya faɗa ɗaya. A MuseScore ɗan maƙale fayil ne mai ƙarewa da .qml. Yawanci zai zo maka a ƙunshe cikin zif. Ka kwance ƙunshin tukuna, ka ɗauki abin da ke ciki ka kai folda mai suna Plugins, wadda ke cikin foldar manhajar a Documents. Ka rufe manhajar ka sake buɗewa, sannan ka je ka kunna shi, don ba ya kunna kansa. Shi ke nan. Ni ramin da na faɗa shi ne na GitHub, inda da yawa daga masu rubuta su ke ajiye kayansu. Maimakon in sauke ainihin fayil ɗin, sai na adana shafin intanet ɗin gaba ɗaya na ba shi sunan fayil. Na kwana ina kashe kwamfuta ina kunnawa, ina zargin komai da kowa, har da wanda ya sayar mini da ita. Da gari ya waye na buɗe fayil ɗin a Notepad sai na ga tarkacen shafi ne zalla. Laifina ne, babu na kowa. Wani ramin kuma, Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai ka ga .qml alhali a bayansa akwai .txt da ba ka gani.

Abin da ya sami ƙanena kuwa daban ne, kuma shi ne babbar maganar. Yawancin waɗanda aka turo masa an rubuta su ne don fitowa ta 3 ta MuseScore. Fitowa ta 4 ta zo a Disambar 2022 da sabon gini, kuma da yawa daga tsofaffin 'yan maƙale ba sa aiki a cikinta sai an yi musu gyara. Akwai wani ɗan umarni da tsofaffin ke rufe kansu da shi in sun gama aiki. A sabuwar, wannan umarnin manhajar gaba ɗaya yake rufewa. Abin da ya kira hauka ke nan. A 2024 ma da aka sauya harsashin da manhajar ke zaune a kai zuwa Qt 6, wasu sun sake buƙatar gyara. Su kuwa masu rubuta su yawanci 'yan sa-kai ne, wani malamin makaranta a Jamus, wani ɗalibi a Amurka, ya rubuta don biyan buƙatar kansa ya saki don Allah. In ya sami aiki ko ya yi aure ya daina leƙowa, ba ka da bakin ƙorafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya ce ai don kyauta ce. Finale fa? Ita ma manhajar rubuta kiɗa ce, tun 1988 aka yi ta sayar da ita da tsada, an buga littattafan kiɗa ba adadi da ita, mutane sun gina sana'arsu a kan 'yan maƙalenta. Ranar 26 ga Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar cewa ya daina ci gaba da ita, ya nuna wa mutane hanyar wata manhajar, Dorico, a kan rangwamen dala 149. Duk wanda hannunsa ya saba da waɗancan 'yan maƙale sai ya koma ɗan koyo da furfurarsa. Manhajar Sibelius ma tana da nata, da wani yare nata na kanta mai suna ManuScript, ana iya sauke su daga cikin manhajar kai tsaye, kuma ba za su yi maka aiki a wata manhaja ba ko da wasa. Shi ya sa duk aikin da na gama sai na fitar da shi gida uku: PDF don ido, MusicXML don kowace manhaja ta iya buɗewa, da sauti don kunne. Kuma ba na sabunta manhaja ina tsakiyar aiki, ko da ta yi ta roƙo.

To amma duk wannan ba shi ne ya sa na zauna rubutu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin 40 ɗin nan, da ma sauran da na taɓa bi, ban ci karo da ko ɗaya da aka yi don kiɗanmu ba.

Bara da Sallar Gani na je Daura. Bayan an watse daga hawa na sami wani dattijo mai busa algaita, na nemi izini na ɗauki busarsa a waya. Na dawo Katsina na yi mako ina sauraro ina rubutawa, nota bayan nota, har na gamsu. Da na koma na kunna masa abin da kwamfuta ta busa. Ya saurara har ƙarshe idonsa a rufe, sannan ya ce, "Malam, hanyar ita ce, amma tafiyar ba ita ba ce."

Na ce, "Baba, ina na kauce?"

Ya ɗauki algaitar ya busa wuri ɗaya sau uku. Sai a lokacin kunnena ya kama. Manhajojin nan sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, kowane gida santi 100 (santi ma'aunin tazarar sauti ne), jimla 1200, kamar yadda fiyano yake. Sautin da Baba ke nufi yana tsakanin gida biyu ne, bai kai na sama ba, ya wuce na ƙasa. A nan ɗan maƙale ya yi mini rana, gaskiya. Akwai wanda ke gyara tsayin sautuka a takarda gaba ɗaya, ka ce masa duk inda wannan nota ta fito a sauke ta santi kaza. Jerin tsare-tsaren sautin da ya zo da shi na tarihin Turai ne, irin na su Fisagoras da Werckmeister, amma ya bar gurbin da za ka zuba naka. Na sauke notar kaɗan kaɗan ina kunnawa har Baba ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kan bai daɗe ba. Algaita ba ta tsalle daga sauti zuwa sauti, jan sa take yi, ta lanƙwasa ta shiga na gaba. Mai busa kuma kumatunsa cike suke da iska, yana shaƙa ta hanci yana busawa a lokaci guda, don haka sautin ba ya yankewa. Sannan notar da na sauke ɗin nan ba kullum take zama wuri ɗaya ba: in zai hau tana nan, in zai sauko ta ɗan gusa. Ɗan maƙalen ya ɗauka kowace nota tana da gida ɗaya har abada. Muka yi dariya muka sha fura, na dawo da takarda mai rabin gaskiya.

Na san abin da wasu za su ce. Alhaji Mamman Shata, wanda kabarinsa ke nan Daura tun 1999, bai taɓa riƙe takardar nota ba, haka Sarkin Taushin Katsina, kuma babu abin da ya rage su. Na yarda. Ba don su ake rubutawa ba. Don ɗalibin da zai zauna ya gwada kiɗan taushi da na kotso ya ga inda suka rabu ake yi, da malamin badujala da ke son yaransa su busa wani abu namu ranar faretin 1 ga Oktoba maimakon abin da aka gada daga sojan Ingila. Kaset yana adana murya, amma ba za ka iya ɗora yatsa a kansa ka ce wa yaro duba nan ba.

Ɗan maƙalen da nake mafarki ba wani abin al'ajabi ba ne. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, ga kuma karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa. Kalangu ma abin da yake kwaikwayo ke nan in aka matse tsirkiya aka sassauta. Ina son abin da zan rubuta baitin waƙa a ƙarƙashin notoci, ya bi ya nuna mini inda na ɗora gaɓa mai nauyi a kan gajeriyar nota, ko inda karin waƙar ya hau alhali kalmar sauka take. Wahalarsa ɗaya: rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsayin wasali ko karin sauti. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo duk "gari" muke rubutawa. Dole mai rubutu ya sa alama da hannunsa, ko a haɗa wa abin ɗan ƙamus. Wane ɗan Jamus ne zai kwana a kan wannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba fin ƙarfinmu ya yi ba. Fayil ɗin .qml rubutu ne tsurarsa, da yaren kwamfuta na JavaScript a ciki, ana buɗe shi a karanta. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya taɓa buɗe wanda ke rubuta sunayen notoci, ya musanya C, D, E da d, r, m saboda yaran da suka saba da do-re-mi. Cikin sa'a ɗaya ya gama. Ya yi aiki lafiya lau a waƙar farko, a ta biyu ya watse, don do ɗin da ake koyarwa a makarantunmu tana ƙaura tare da matakin waƙa, shi kuwa ya kafe ta wuri ɗaya. Ya ji haushi, ni kuwa murna na yi, don ya kai inda dole mai lissafi ya zauna da mai kunne. Muna da ɗalibai a Katsina da Dutsin-Ma da Daura da ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, kullum ana maimaita manhajar rajistar ɗalibai da ta kantin magani. Muna da malaman sashen Hausa da suka san awon waƙa kamar yunwar cikinsu. Ba a dai haɗa su a ɗaki ɗaya ba.

Ƙanena dai mun share nasa, muka bar uku: mai sunayen notoci, mai launi, da mai gyaran sauti. Takardarsa mun samo ta daga ajiyar da manhajar ke yi da kanta, layi huɗu kawai ya rasa. Ɗan yayata ya ce in sun gama jarrabawa zai zo mu gwada na gaɓoɓin, na riga na ware masa baiti 12 na sa musu alamar tsayin wasali da jan biro. In akwai wanda ya iya JavaScript a cikinku, ko malamin da ya san awon waƙa kuma yana da yammacin Asabar, ya taɓa ni ta akwatin saƙo. Shayi da caji a wuyana.