Mishan na sati biyu ba ya maganin talaucin shekaru

Duk shekara coci-coci, musamman na Amurka, sukan tara matasa su tura su inda talauci ya yi wa mutane katutu, su yi sati ɗaya ko biyu, su raba kaya, su yi wa'azi, su shafa wa makaranta fenti, sai su hau jirgi su koma. Ni dai ban taɓa shakkar niyyarsu ba, kuma addininsu ne ya ce su yi, don wasiƙar Yakubu 2:15-16 a cikin Littafi Mai Tsarki ta faɗa ƙarara cewa in ɗan'uwanka ba shi da sutura ba shi da abinci ka ce masa ya sauka lafiya ba ka ba shi komai ba, to ba ka yi masa komai ba. Abin da ke damuna shi ne me ke saura bayan sun tafi.

A 2025 Bankin Duniya ya mayar da ma'aunin tsananin talauci dala 3 a rana, da can 2.15 ne. To a lissafa kuɗin tikitin mutum ashirin da masauki da biza, a ga magina nawa 'yan garin za a iya ɗauka aiki da shi. Amma sai ka ga yaron da bai taɓa riƙe cebur ba yana kwaɓa siminti, shi kuma magini na gaske da ke da iyali yana tsaye a gefe ya harɗe hannu yana kallo, ba wanda ya tambaye shi. A haƙa rijiyar burtsatse a ɗau hoto a sa a Facebook, bayan wata shida ƙarfe ɗaya ya karye, ba a koya wa kowa gyara ba, ba a bar kuɗin gyara ba, mata su koma rafi.

Wani lokacin ma abin ya wuce asarar kuɗi. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010 an kama 'yan mishan goma daga Amurka suna ƙoƙarin tsallakawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba takardu, wai marayu, daga baya aka gano da yawansu iyayensu na raye, talauci ne ya sa suka miƙa su. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Kuma fa akwai mishan da ya yi aiki. Ida Scudder, wata likita 'yar mishan Ba'amurkiya, ta fara duba marasa lafiya a Vellore ta Indiya a 1900 da gado ɗaya, ta zauna, a 1918 ta buɗe makarantar koyar da matan ƙasar aikin likita, yau asibitin da ta kafa na cikin manyan asibitocin Indiya kuma 'yan ƙasar ke tafiyar da shi.

Don haka cocin da zai tura mutane ya fara tambayar mutanen garin me suke so, ya bi ta hannun shugabanninsu da ma'aikatan lafiyarsu, ya biya 'yan gari su yi aikin, kada a ɗau hoton yaro ba da yardar iyayensa ba. Kuma kada a taɓa sa wa mai jin yunwa sharaɗin sai ya zauna wa'azi kafin a ba shi abinci, a ba shi, in ya ga dama ya saurara.