Kada a ba shi ruwa, a duba agogo

Ranar da kawuna ya faɗi, kofi ne ya fara kuɓuce masa. Ana cikin hira ya kai hannun dama zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, kalmomin suka fito a cakuɗe, gefen bakin ya karkace, miyau na bin haɓarsa. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya zuba mini ido kawai. Abin da muka yi a sa'o'in da suka biyo baya har yau yana ci mini rai. Aka kwantar da shi ana yi masa fifita. Wata ta ɗora masa ruwa a baki har ya ƙware. Wani ya ce ai hawan jini ne, aka ƙara masa ƙwaya biyu, aka ce a bari ya huta a gani. Wallahi ƙauna ce ta sa, amma kusan babu wanda muka yi daidai a ciki.

Idan ana zancen kare ƙwaƙwalwa a lokacin shanyewar ɓarin jiki, mutane suna zaton akwai wata allura da likita zai yi ta zame mata garkuwa. Masana sun daɗe suna nemanta. Magunguna fiye da 1,000 aka gwada a kan dabbobi, da yawa sun yi abin mamaki a jikin ɓera, da aka zo kan mutum sai su ba da kunya. Wani magani mai suna NXY-059 ya faɗi a babban gwajinsa a 2007, wani mai suna nerinetide ma a 2020 bai fitar da kitse a wuta ba. A ganina garkuwar da muke da ita a yau ita ce saurin buɗe jijiyar da ta toshe, da kuma kame hannu daga abin da zai ƙara ɓarna kafin a kai ga haka.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rabawa, kuma ba ta da ajiya. Idan gudan jini ya toshe jijiya, tsakiyar wurin yakan mutu cikin mintoci. Kewaye da shi kuwa akwai yankin da ya suma bai mutu ba, yana lallaɓawa da ɗan jinin da ke sulalowa ta ƙananan jijiyoyin gefe. A kan wannan yankin ake duk kokawar. Wani likita ɗan Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. To ku lissafa mini sa'a biyu na fifita.

Ƙwayar hawan jinin nan ita ta fi yi mini ciwo da na fahimta. Sau da yawa jiki ne da kansa yake ɗaga jinin don ya tura shi ta waɗannan ƙananan hanyoyi. Ka sauke shi da gaggawa, ka toshe wa yankin da ya suma ɗan abin da yake samu ke nan. Shi ya sa a ciwon irin na toshewar jijiya likitoci kan ƙyale hawan jinin har sai ya haura 220/120, sai fa in za a yi allurar narkar da gudan jini, nan ake saukar da shi ƙasa da 185/110. Irin na fashewar jijiya kuwa hukuncinsa daban ne, kuma duk ƙwarewar mutum ba ya bambanta su da ido, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Asfirin ma haka: ka ba wanda jini ke zuba a kansa, ka ƙara masa zuba. Shi kuwa ruwa, cutar takan taɓa haɗiya, sai ya bi ta huhu ya haifar da ciwon huhu a kan wanda ake fama da shi.

Allurar alteplase mai narkar da gudan jini, wadda Amurka ta amince da ita a 1996, da farko cikin sa'a 3 ake yin ta, bayan wani gwaji na 2008 aka kai sa'a huɗu da rabi. Tun 2015 kuma an tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiya a zaro gudan jinin, kuma daga 2018 ana yi wa wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya har zuwa sa'a 24. Amma kada wannan 24 ta ruɗi kowa, ba kowa ke samun ta ba.

Su ma ma'aikatan asibiti ina da magana da su, cikin girmamawa. Gwajin sukari minti ɗaya ne, kuma faɗuwar sukari kan yi kama da shanyewar jiki sak. Wani bincike a Ostireliya a 2011 ya nuna cewa lura da abu uku kawai, zazzaɓi da sukari da haɗiya, ya rage mutuwa da nakasa. Wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada, kula kawai yake buƙata.

Da muka isa asibiti, tambayar farko da likita ta yi mana ita ce, "Ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe?" Mu uku muka ba da amsa uku. Ta dube mu, ta dubi hoton, ta ce lokacin allura ya wuce. Kawu ya rayu, alhamdulillahi. Yana tafiya da sanda, kuma da hannun hagu yake ɗaukar kofi yanzu.