Ina za mu kai bakwaininmu a Sakkwato?

Wallahi abin ya ishe mu. Jiha mai ƙananan hukumomi 23, amma duk jaririn da aka haifa bai cika wata tara ba, ko ya zo duniya bai yi kuka ba, sai an kwaso shi zuwa cikin gari, domin kwalaben renon jarirai kusan duk a nan suke. Daga Sabon Birni, daga Illela, daga Kebbe, a motar haya, uwa da ɗanyen jego tana rungume da ɗan da bai kai kilo 2 ba, an naɗe shi da auduga da zani. Bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A hunturu sanyin hanya kaɗai ya isa ya gama da shi kafin a shigo gari.

Idan Allah ya sa an iso, sai a ce maka babu gado.

Da idona na ga haka lokacin da ƙanwata ta haihu. Muka tsaya a baranda da takardar turawa a hannu, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, kwalba duk ta cika." Na hango ta taga: jarirai biyu a kwalba guda, wata kwalbar an jingine ta a lungu ta lalace, an ɗora mata fayil-fayil. Ban ga laifin baiwar Allah nan ba. Ita kaɗai ce a ɗakin cikin dare, wannan na'ura na ƙara, wancan yaro na buƙatar a ba shi nono ta robar hanci. Hannu nawa gare ta?

Sai maganar wuta. Kwalba da wuta take aiki, na'urar oksijin da wuta, shuɗiyar fitilar da ake haska wa mai shawara ita ma da wuta. A ɗauke wuta, a tsaya jiran mai janareta, jaririn da huhunsa bai gama ƙwari ba yana ta fama da numfashi. A garin da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, a ce ɗakin jarirai ba shi da sola? Haba jama'a! Ita kuwa shawara, idan ta yi yawa ba a haska yaro da wuri ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa, ya tashi kurma ko jiki a sanƙare har iya rayuwarsa. Fitila ce fa maganin.

Ga takardar magani ana miƙo maka ƙarfe biyun dare: allura, ruwa, sirinji, safar hannu, komai saya za ka yi. Ka fita neman kabu-kabu, ka buga ƙofar kemis. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin mota, da me zai saya? Shi ya sa wasu ke sa hannu su ɗauke ɗansu su koma gida, daga baya ka ji an ce ya koma.

Mun yarda rai na Allah ne, amma kwalbar da ta lalace mutum ne ya ƙi gyara ta. Masu riƙe da kuɗin lafiya su saka sola a ɗakunan jarirai, su gyara kwalaben da ke jibge, su ɗauki ma'aikatan jinya su biya su yadda za su zauna. Kowane babban asibitin ƙaramar hukuma a ba shi oksijin da fitilar shawara, a koya wa uwaye ɗaura bakwaini a ƙirji fata da fata, kuma a samar da motar asibiti mai ɗumi da za ta kawo wanda ya fi ƙarfinsu.