Ƙuri'a tun da wuri, gida sai shekara goma

Daren jiya ma sai da na janye katifa daga jikin bango, don danshi ya baƙanta shi har ya fara cin bargona. Ɗaki ɗaya ne, tukunya a gindin gado, banɗaki kuwa mu biyar muke bin layi. Na kira mai gidan, wai in riƙa buɗe taga. A watan Janairu, a tsibirin Jersey da ke tsakanin Ingila da Faransa, iskar teku na yankan kunne! Ya san ba inda za ni, shi ya sa yake min magana da hanci.

Dokar gidaje da aiki ta 2012 ce ta ɗaure ni tamau. Sai ka shekara 10 cur a nan kafin a yarda ka kama haya ko ka sayi yawancin gidajen tsibirin. Kafin nan sai 'yan ɗakunan da aka ware wa baƙi, kuɗinsu kamar na otal, ɗakin kamar akurki. Haraji dai ba a jira ka shekara goma ba, har a kan burodi sai ka biya kashi 5 cikin ɗari.

Abin da ya fi ci min rai, a zaɓen 2022 shekara 2 kacal aka nema kafin ka jefa ƙuri'a. Wakilai 49 ke zama a majalisar da ke St Helier, babban birnin tsibirin, 12 daga cikinsu shugabannin gundumomi ne, kan mutanen da ba su wuce dubu 103 da 'yan kai ba a ƙidayar 2021. Tsibirin tsawonsa mil 9 ne, faɗinsa 5, a kasuwa ma kana karo da su. To wa zai ce bai san halin da muke ciki ba? A zaɓen 2022 wani ɗan takara ya leƙo ɗakin nan, ya girgiza kai, ya miƙo min takarda mai hotonsa. Ita nake toshe ƙasan ƙofa da ita yanzu.

Kuma ba wai ba su iya sauri ba ne. A Janairun 2024 suka tsige shugabar gwamnati Kristina Moore da ƙuri'a 27 da 22, zama ɗaya.

Kuɗin Abacha, sama da dala miliyan 300 da aka mayar wa Najeriya a 2020, a nan suka kwanta shekara da shekaru cikin ɗumi, ba wanda ya nemi takardar zamansu. Ni da nake wanke tsofaffinsu tun asuba, saura min shekara huɗu. Ga saƙon mai gida nan ya shigo: daga watan gobe haya ta ƙaru.